Inshorar araha da fadamar Baffa Ɗanjuma

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne Baffa Ɗanjuma a Kebbe. Ƙanin mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu tara muka taso daga Tambuwal zuwa jana'izar a mota guda, mahaifina ba ya ciki, ya ce ƙafa na damunsa. Na san yadda ake irin wannan rubutu: a jero halayen kirki na mamaci, a rufe da addu'a. Addu'ar za ta zo. Amma akwai abin da na yi wa mutumin nan da bakina, kuma shekarun sun isa haka.

Baffa direba ne. Shi ke jan a-kori-kurar mahaifina, yana kwaso gero da dawa da albasa tsakanin Kebbe da Dogon Daji da Tambuwal a ranakun kasuwa. Ba waliyyi ba ne. Yana da kaifin baki, in ya zage ka sai ka kwana biyu kana juya maganar, kuma goro ya rine masa haƙora har ba ya son a ɗauke shi hoto. Ajami yake karantawa, bai san boko ba. Shi ya koya mini tuƙi, yana rankwashina duk lokacin da na saki kuloci da gaggawa, kuma har na girma bai kira ni Bello ba, sai Malam Boko.

Ina da shekara ashirin da bakwai, ban daɗe da fara koyarwa a wata sakandare a Sakkwato ba, takardun motar suka ƙare, masu duba takardu a hanya suka fara tsare Baffa. Mahaifina ya kira ni ya ce in nemo inshora, wadda ta fi kowace araha. Na shiga ofis uku. A ƙarƙashin wata bishiya kusa da inda ake yin lasisi akwai masu buga takardar bogi cikin minti goma, na wuce su ina jin kaina mai gaskiya. A ofis na uku wata mata ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Hausa tsaf. Ta ce ƙaramar inshorar, wadda ke biyan mutumin da ka buge, iri biyu ce: ta motar gida da ta motar haya mai ɗaukar kaya, kuma ta haya ta fi tsada. Ta ƙara da cewa in motar haya ce na rubuta ta gida, ranar da tsautsayi ya faɗo ba za su biya ko kwabo ba.

Na fita waje na buga wa mahaifina waya. Ya ce, "Mi ab bambancinsu ga takarda?" Na ce kalma ɗaya ce. Ya ce, "To mai tsare hanya kalma shika karantawa, ko hatimi shika dubi? Ɗauko mai arahar." Na koma ciki na rubuta motar gida, na sa hannu. Ratar da ke tsakanin biyun ba ta kai kuɗin buhun gero biyu ba. Da na kai wa Baffa takardar, ya naɗe ta a leda ya cusa a aljihun gaban mota yana dariya, ya ce yanzu in ya take akuyar wani, kamfanin Malam Boko ne zai biya.

Wata bakwai bayan haka, ƙarshen damina, ya taso daga Kebbe da rana da lodin gero. A wani gangare da ruwa ya cinye gefen hanya birki ya ƙi kamawa. Sau biyu kafin ranar ya gaya wa mahaifina birkin na bukatar gyara, aka ce a bari bayan kaka. A gabansa akwai wani mai babur, Malam Garba, mutumin wani ƙauye kusa da Jabo. Motar ta buge shi ta kife, nan take ya cika, ya bar mata da 'ya'ya shida. Baffa ya karye a ƙugu. Mahaifina ya fara zuwa inda motar ta kife, ya sa aka ciro injin kafin ɓarayi su riga shi. Sai a rana ta uku ya leƙa ƙaninsa a asibiti.

Amsar kamfani ta zo a rubuce da Turanci, gajeriya. Sun ce an yi wa motar inshorar gida, an kuma same ta tana haya, don haka babu biya. Na karanta wa mahaifina da safe, mu biyu kawai. Da na gama ya ce, "Yau da la'asar za a zamna. Kai ka karanta masu. Ka tuna sunan wa aƙ ƙasan takardar da anka cike." Bai ce in yi ƙarya ba. Bai taɓa bukatar ya faɗa ba.

Aka zauna a zaurenmu: dattawan unguwa, 'yan'uwan marigayi uku, da Baffa da aka ɗauko aka jingina da bango. Mutanen Malam Garba ba su zo da rigima ba, abin da za a riƙe marayu da shi kawai suke nema. Na buɗe wasiƙar, na karanta Turancin da ƙarfi yadda yake, don na san babu mai ji, sannan na fassara. Na ce kamfani ya bincika ya gano an yi wa motar lodi fiye da ƙima, laifin direba ne, shi ya sa ba za su biya ba. Baffa ya ɗago ya dube ni. "Buhu nawa sunka ce?" Na ce ba su faɗi adadi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, na yi lodi." Bai faɗi wanda ke ƙirga buhunan kafin a tashi ba, bai kuma ambaci birki ba. Mahaifina ya gyara zama ya ce mota tasa ce, ta tafi, ya haƙura, amma hannun da ya riƙe sitiyari shi ya kamata ya ɗauki marayu.

Abin da Baffa ya mallaka a duniya fadama ce ta gado, mai ba da albasa. Aka sayar, aka ba iyalan marigayi. Wani abokin mahaifina ne ya saya. Shekara biyu bayan haka na ga ma'aikatan gidanmu suna cirar albasa a cikinta, ban tambayi kowa yadda aka yi ba.

Baffa bai sake tuƙi ba. Ya koma Kebbe wurin dangin matarsa, Inna Hajo, ya zama ɗan kamasho a tasha, yana ɗingishi da sanda yana kira wa motocin wasu fasinja. Direbobin da a da yake zagi suka sa masa suna Lodi, kuma sunan ya bi shi har liman ya yi shakkar sunansa na yanka ranar jana'iza. Shekara huɗu ya yi a haka. Kowace sallah ina aika masa shadda da shinkafa ta hannun wani. Sau ɗaya aiki ya bi da ni ta Kebbe, na hango shi a bakin tasha yana gardama da wani kan kuɗin kamasho, sai na zame cikin kujera na rufe fuska da jarida har muka wuce.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu da lambar mota kawai za ka duba a waya ka san takardar inshora ta gaske ce ko ta bogi. Akwai takaful, inshorar Musulunci, ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ta kamfani ba. Ina jin zai tauna goronsa ya ce duk wannan bai shafe shi ba, don takardarmu ta gaske ce, hatiminta na gaske, ƙaryar a cikin gida aka ƙera ta. Kuma tambayar mutanenmu ba ta canja ba. Ka tsaya a tashar Tambuwal ka ji masu a-kori-kura suna maganar inshora, babu mai tambayar me take biya da me ba ta biya, kowa wadda ta fi araha yake nema. Neman sauƙi ba laifi ba ne, ni ma bara da na sayi tawa a-kori-kurar sai da na zagaya na kwatanta farashi. Amma da ma'aikacin ya ce, "Ta gida ce ko ta haya?" sai da na ajiye biron na nemi ruwa. Mai arahar gaske ita ce mafi sauƙi cikin waɗanda za su biya ranar da ka bugi mutum. Duk abin da ke ƙasa da haka, wani ne zai cike shi da gonarsa, kuma ba mai motar ba ne.

A farkon watan nan na je Kebbe. Na tarar da Inna Hajo a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta, na durƙusa, na faɗa mata komai tun daga ofishin Sakkwato har zaure. Hannunta bai tsaya ba. Da na gama ta ce, "Ai ya sani." Ta ce da ya fara taka ƙafa, ya hau mota shi kaɗai ya tafi ofishin kamfanin don ya roƙe su su tausaya wa marayu, can wani ma'aikaci ya ɗauko takardun ya gaya masa dalilin da Hausa.

Na ce, Inna, ya yafe mini?

Ta ce, "Cewa ya yi in ka taho da ƙafarka ka faɗi da bakinka, shi yafe. Kowace sallah shina cewa bana Malam Boko za shi taho. Sai mu ga shadda." Ta kakkaɓe zaninta. "Ba shi taɓa ɗinka ko ɗaya ba. Ni ko ba ni da abin da zan yafe maka, ba ni anka yi wa ba." Ta tambaye ni ko zan ci abinci, na ce a'a, ba ta sake tayi ba.

Mahaifina na nan da ransa, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na gaya masa zan rubuta wannan, na kuma roƙe shi ya mayar wa 'ya'yan Baffa mata uku fadamar ubansu. Ya ce wanda ya mutu ba ya karanta jarida. Game da fadama kuwa ya ce, "Ka jira in mutu, sannan ka yi kyauta da abin da ba kai ka tara ba." Na san wasu za su ce ɗan kirki ba ya tona ubansa a bainar jama'a, kuma ba zan musa ba. Ni ma ban fito nan a matsayin ɗan kirki ba.

Me ya rage na Baffa Ɗanjuma? Babu gida, babu hoto ko ɗaya. Akwai 'ya'ya mata uku da suka gaji bakinsa, babu mai taka su a Kebbe ya kwana lafiya. Akwai 'ya'yan Malam Garba da suka girma da kuɗin gonarsa, babbansu har yau yakan zo gaida Inna Hajo. Akwai kuma shirun da ya yi: ya san gaskiya shekara uku da wani abu, kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa ya kunyata ni a gari, bai furta ba. A da na ɗauka alheri ne ya yi mini. Yanzu ban sani ba, mai yiwuwa so ya yi ya ga iyakar abin da zan iya, ya kuma gani.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya karɓi wahalarsa a matsayin kaffara, Ya jiƙan Malam Garba tare da shi. Ni kada mai karatu ya ɓata addu'arsa a kaina tukuna. Jiya na je gaida mahaifina, ya yi tari mai tsawo, na miƙa masa ruwa, kuma na kama kaina ina sauraron tarin da kunnen mai jira.