Liman Siddo Cha'ibu da Tsayuwar Huɗuba

An haifi Malam Siddo a garin Tanda cikin shekarar 1951. Mahaifinsa Cha'ibu manomin shinkafa ne, mahaifiyarsa kuwa Bibata ce, 'yar masunta.

Karatu da aure

Ya sauke Alƙur'ani a Yelu, sannan ya tsallaka Kamba ya karanci fiƙihu da nahawu. A 1976 ya auri Hasiya ya zauna Gaya, inda zaƙin muryarsa ya sa aka naɗa shi limamin Juma'ar unguwarsu a 1990.

Jarrabawa

A 2006 ya yanke jiki ya faɗi tsakiyar huɗuba, ya farfaɗo, Juma'a ta gaba ya sake faɗuwa. Gari ya ɗauka: masu cewa sammu, masu cewa aljani, masu cewa farfaɗiya, kowa ya zama likita. Dattawan masallaci suka shawarce shi da ya ajiye limanci, suka tanadi na'ibinsa Mutari ya gaje shi. Abin ya yi masa ciwo matuƙa.

Hasiya ce ta ƙi. Ta ce wa dattawan, “Baba, mutumen da ke karatu daram in yana zaune, shi aljanin tsayuwa kaɗai ya sani? Yamai za mu.”

A asibitin Yamai lokotoro, wato likita, ya auna tansiyonsa, wato ƙarfin bugun jininsa, a kwance, ya sake aunawa a tsaye, ya tarar tansiyon ya zube. Ya bayyana musu cewa idan mutum ya miƙe, jini yana gangarawa ƙafafu, sai ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ta jijiyoyin laka, jijiyoyin jini su tsuke su turo shi sama. A jikin Malam saƙon yana makara, jini ya taru ƙasa, kai ya rasa rabonsa. Aka ba shi magani, aka umarce shi da yawaita ruwa, ƙarin gishiri, ɗaure tsokar ƙafafu yayin tsayuwa, da sa doguwar safa mai matsewa har gwiwa.

Komawa mumbari

A farkon 2007 ya hau mumbari, safa a ƙarƙashin babbar riga, masallaci cike da waɗanda suka zo ibada da waɗanda suka zo ganin faɗuwa. Ya kai huɗuba ƙarshe, ya ja salla, ya sallame. Samari suka laƙaba masa Liman ɗan ƙwallo saboda safar, shi kuwa bai taɓa ɓoye ta ba, har yakan ɗaga riga ya nuna wa tsofaffi masu fama da jiri, ya tura su asibiti.

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa a Gaya cikin 2024, yana kan limanci, ba tare da ya sake faɗuwa a mumbari ba. Malam Mutari, wanda ya ci gaba da na'ibci duk tsawon shekarun nan, shi ya sallace shi yana kuka, aka binne shi a maƙabartar garin. Ya bar matarsa Hasiya da 'ya'ya huɗu: Yahaya, Sa'adatu, Abdulƙadir da Safi. Allah ya jiƙansa da rahama.