Ruwan Laka da Batirin Babur

Shekarar da na fara koyar da kimiyya a Gummi, mai duba makarantu ya ce in tsallake darasin yadda lantarki ke jan ƙananan ƙwayoyin da ke yawo cikin ruwa.

"Malama, ba ku da ɗakin gwaji. Ki rubuta musu a allo su haddace."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗiyan garin nan da idonsu za su gani."

Washegari na ɗebo ruwan laka a gulbi, na ciro batirin babur ɗin maigidana, na zuba ruwan a kwalba biyu, na haɗa waya biyu da batirin, na tsoma bakinsu cikin kwalba ta farko a gaban ɗalibai. Sannu a hankali lakar ta tattaru wajen waya ɗaya, ɗaya gefen ya washe. A kwalba ta biyu na zuba gishiri, sai lakar ta dunƙule ta kwanta ƙasa, ta ƙi bin lantarkin.

Wata ɗaliba ta miƙe tsaye. "Malama, ashe abin da ke cikin ruwan shi ka sa laka ta tafi ko ta tsaya?"

Kafin sati ya ƙare, kowace ɗaliba ta kawo ruwan rijiyar gidansu mu gwada.