Layin da Na Ƙi Rubutawa a Fayil ɗin Yaya

Shagon na Yayana ne, aikin kuma nawa. Ɗan ƙaramin shago ne a Daura, kusa da tasha, inda nake buga wa mutane takardu: takardar neman aiki, katin ɗaurin aure, yarjejeniyar sayar da fili, tambayoyin jarrabawar Islamiyya. Shi Yaya malami ne a wata sakandare a Zango. Ranar Asabar yake shigowa gari a kan babur ɗinsa, ya duba kwamfutar, ya duba ni, ya koma.

Mutum ne mai son tsari har abin ya yi yawa. Shi ya sauke tsarin da kwamfutar ta zo da shi, ya ɗora wani nau'in Linuks da ban taɓa gani a wajen kowa ba. A wannan nau'in ba a zuba manhajoji ɗaya bayan ɗaya yadda aka saba. Fayil guda ne, a cikinsa ake rubuta duk abin da ake so kwamfutar ta kasance da shi: manhajar rubutu, ta firinta, haruffan Larabci, har girman rubutun da ke kan allo. Sai a ba ta umarni ta karanta fayil ɗin, ta gina kanta daidai da abin da aka rubuta. Ranar da ya haɗa ya daɗe yana yi mini bayani, ni kuwa ina ta gyaɗa kai, hankalina yana kan abincin rana. Abu ɗaya na riƙe: duk layin da na ƙara a fayil ɗin, zai gani a wayarsa daga can Zango.

Ban ɗauki wannan a bakin komai ba sai da idona na hagu ya fara yin hazo-hazo. Ƙananan haruffa suka riƙa haɗewa da juna. Ban faɗa wa kowa ba, har matata. Na ga yadda aka yi da mahaifinmu lokacin da ganinsa ya yi rauni, cikin girmamawa aka karɓe komai daga hannunsa, aka bar masa tabarma da rediyo a zaure. Ni kuma 'ya'yana uku, kuma wannan shagon ne kaɗai abin da na iya. Tsoro nake ji Yaya ya sani ya ce in huta, ya kawo wani ya zaunar a kujerata.

Da na yi ɗan bincike sai na gano akwai hanyar aron manhaja na ɗan lokaci ba tare da an rubuta ta a fayil ba. Na aro wata mai ƙara girman duk abin da ke kan allo, na daidaita ta, na ji sanyi a raina. Idan wani ya matso kusa sai in danna maɓalli ɗaya ta ɓoye. Da yake muna da sola, ba na kashe kwamfutar, murfin kawai nake rufewa in tafi gida.

Ranar Asabar Yaya ya zo, na bar shi a shago na tafi sallar azahar. Da na dawo ya riga ya tafi, manhajar ma ta tafi. Na ce ƙila kuskure ne, na sake arowa. Asabar ta biyu haka. Ta uku ma haka.

Daga nan na sa masa ido. Wato ya gani ke nan, yana gogewa, ya ƙi yin magana? Ko jira yake in tafka babban kuskure ya sami hujja? Komai ya yi sai in ga da manufa. Ya miƙo mini kwalin tawadar firinta ya ce in karanto masa lambar da ke jiki, na ce a raina gwaji ne, na ce masa hannuna da aiki. Ya ambaci wani tsohon ɗalibinsa da ya iya buga rubutu da sauri, na ƙudurta cewa shi ne magajina. Ko gaisuwarsa ta “yaya ƙarfin jiki?” sai da na juya ta gaba da baya. Wata Asabar da yamma, kafin in sake daidaita allon, na buga wa wani mai sayar da dabbobi daga Mashi takarda, na sa masa raguna sittin a maimakon sha shida. Mutumin ya yi dariya ya ce Allah ya amsa. Ni haushi ne ya cika ni, kuma duk a kan Yaya na ɗora shi.

Asabar ta gaba na yi salla da wuri na dawo, na tsaya a bayansa ina shafa firinta da tsumma, idona a kan hannunsa. Ban ga ya goge komai ba. Ya buga umarni ɗaya, ya jira kwamfutar ta gama sabunta kanta, ya kashe ta, ya kunna. Da na duba, abin nawa babu shi.

Na ce, “Yaya, me ka cire?”

Ya ce, “Ni? Ban cire komai ba. Ai tun ranar farko na gaya maka, haka na tsara ta saboda masu taɓe-taɓe. Ban da takardun mutane, duk abin da ba ya cikin fayil, da an kashe an kunna ya tafi.” Ya juyo ya dube ni. “Ka sa wani abu ne?”

“A'a.”

“To, madalla.” Ya ɗauki makullin babur ɗinsa ya fita.

Kunya ta kama ni. Wata guda ina zargin ɗan'uwana, ashe bayanin da na ƙi saurare ne yake aiki a kaina. Amma zargin bai mutu duka ba, don yadda ya yi tambayar nan bai yi kama da ta wanda bai san amsa ba.

Na kwana biyu ina juya maganar. Zan iya ci gaba da aro duk mako, in ci gaba da yi masa ƙarya duk mako. Na gaji. Ranar Litinin da safe na buɗe fayil ɗin, na matso da fuskata kusa da allo, na nemo wurin da ya jera sunayen manhajoji, na ƙara layi ɗaya a ƙasa: sunan manhajar nan mai ƙara girman rubutu. Na daɗe yatsana yana kan maɓalli kafin in tura.

Wayata ba ta yi ƙara ba duk ranar. Washegari da hantsi, lokacin da ya kamata a ce yana aji, sai na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar shago. Ko sauka bai yi ba.

“Rufe shagon ka hau.”

“Ina za mu, Yaya?”

“Wajen likitan ido. Na karɓo mana lamba.”

Na hau. Sai da muka yi nisa na matso kusa da kunnensa na ce, “Tun yaushe ka sani?”

“Tun kafin azumi. Wa ba zai gane ba, mutum yana karkata kai yana leƙen allo da ido ɗaya?”

“To da gangan kake kashe kwamfutar duk Asabar ke nan? Ai ba kullum ake bukatar haka ba.”

Ya ce in riƙe da kyau, akwai rami a gaba. Har yau bai ba ni amsar wannan ba, ni ma ban daina zarginsa a kai ba.

Sannan na tambayi abin da ya fi cina tun farko. “Shagon fa? Wa za ka sa?”

Ya rage gudu ya tsaya a gefen titi, ya juyo. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

“Wata nawa ina jira ka buɗe baki ka ce mini, Yaya, ba na gani sosai. Sai ka faɗa wa kwamfuta. Ashe haka ka ɗauke ni?”