Shekarar da kunkurun gidanmu ya fito da wuri

Na yi shekaru ina roƙon Inna ta bar ƙauyenmu na kusa da Tama ta dawo wurina Madawa, inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Mahaifinmu ya rasu, ƙannena sun tafi cin rani sun zarce, sai dai murya a tarho. Gidan da a da ba ka samun wurin shimfiɗa tabarma ya koma daga ita sai akuya ɗaya da kunkuru. Duk sanda na tayar da maganar sai ta nuna bayan rumbu da haɓa, ta ce wa za ta bar wa tsohon.

Tsohon shi ne kunkurun. Kan gidanmu ne, dabbar da zuri'armu ke girmamawa tun kafin kakanninmu su kama salla: ba ma cin namansa, ba ma dukansa, kuma ba a sa wa raminsa ƙarfe. Shi ke haƙa abinsa. In zafin bazara ya tsananta sai ya shige ramin ya yi lamo, ba a ƙara ganinsa sai damina ta kawo kai. Liman ya sha yi wa Inna wa'azi a kan wannan, ita kuma ta sha aika masa da fura.

Ni dai haushin dabbar nake ji, ba zan ɓoye ba. Mutum da furfurarsa yana kishi da kunkuru, abin kunya ne, amma haka nake. In na zo hutu sai in tarar tana tsinka masa ganyen wake tana ba shi labarin wanda ya yi aure da wanda ya rasu, labaran da ni sai na tambaya take ba ni.

Shekarar da abin ya faru, gari ya rikice tun farko. Yau a nemi bargo, jibi a nemi inuwa. Sai a tsakiyar bazara, lokacin da babu mai sa ran ko yayyafi, hadari ya haɗo ya zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari ya yi sanyi, kwaɗi suka fito daga ƙarƙashin ƙasa suka cika fadama da kuka, tsohon ma ya ɗauka damina ce ya fito. Ruwan da ya yaudare shi kuma shi ya rufta masa bakin rami.

Maƙwabciyarmu ce ta kira ni, na hau kabu-kabu ranar Asabar. Kafin in iso zafi ya dawo fiye da na da. Kududdufai sun ƙafe, ƴaƴan kwaɗi sun manne a laka sun bushe. Kunkuru ba kamar akuya ba ne, jikinsa ba shi da zafin kansa, abin da gari ya ba shi shi yake ɗauka, ramin nan ne kaɗai ke tsare shi. Na same shi yana kartar inda bakin ramin yake, laka ta ƙame kamar bulo, faratansa na zamewa, kumfa na fita daga bakinsa.

Na ɗauko diga. Inna ta sha gabana.

"Aje ta. Ba a sa ma ramin ga ƙarhe, kai ma ka sani."

Na ce mata ƙasa ce kawai, aikin da ba zai kai azahar ba. Na ɗaga murya, na ce al'adar da za ta kashe abin da take karewa ba al'ada ba ce. Ta saurare ni har na gama, ta ce tun da aka kawo ta gidan nan haka ta tarar, kuma ba a hannunta za a fara ba. Ban taɓa ganin ta da tsoro irin na ranar ba, shi ya sa na ajiye digar.

Muka yi abin da ya rage. Muka rarrashe shi zuwa ɗakinta, ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, ni ina jido ruwa daga rijiya. Da an juya baya sai ya ja jiki ya koma bayan rumbu, cikin rana, ya ci gaba da karta. Ta yi masa rumfa da zana, ta yi ta kwara ruwa a lakar ko za ta yi laushi, rana na shanyewa. Na koma bakin aiki na bar ta durƙushe kusa da shi, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Mako bai zagayo ba ta sa aka kira ni. Ba ta yi dogon bayani ba, ta ce tsohon ya tafi, in zo in ɗauke ta.

Na zo da motar haya. Ta riga ta ɗaure kayanta a zane, ta ba maƙwabciya akuyar. Abin da na yi shekaru ina nema ya samu, amma zuciyata ta yi nauyi har na kasa duban fuskarta. Ta shiga mota ba ta waiwaya ba. Na koma zan ja ƙofar gida in sa kwaɗo, sai ta leƙo ta taga.

"Bar shi buɗe, ɗana. Ba kowa ciki."