Watan da Na Zaɓa wa Malam Attahiru

Har in ajiye aikin nan ba zan manta da ranar da Malam Attahiru na Argungu ya yi min tambaya ɗaya tak, rawanin gwanintata ya warware a gaban uwar ɗakina ba. Ku da kuka fara aiki bana kuna jin ana kirana Baturen Nasarawa, kuna zaton yabo ne. To ku gyara zama ku ji.

Ofishinmu na shirya tafiye-tafiye a nan Nasarawa, Birnin Kebbi, kun dai san abincinsa: masu zuwa Umara, ɗalibai masu tafiya Masar, da marasa lafiya masu neman asibitin waje. Hajiya Kulu, mai ofishin, ta ware min tebur guda ta ce ni ne mai kula da Turai. Tebur ne da ƙura ta fi baƙi zama a kansa, amma ni na ɗauki abin da zafi. Ni Murtala, da iyakar tafiyata a duniya ita ce Gaya ta Nijar, na zama mai ba da fatawa a kan sanyin Jamus. Ta ƙofa biyu na san Turai: intanet, da gidan kallon ƙwallon da ke bayan layinmu, inda ba a fara wasa sai na zauna.

Wata safiya a watan Janairu Malam Attahiru ya shigo. Dattijo ne da ya haura saba'in, manomin shinkafa a fadamar Argungu, kuma yana karantarwa a zaurensa. Bayan gaisuwa ya ce yana son zuwa Malta, "wurin yaron ga."

Na san yaron. Nasiru ne, ɗan farinsa, wanda ya daɗe yana buga ƙwallo a wata ƙaramar ƙungiya a can. Duk Argungu ta san labarinsu. Malam ya so ya gaje shi a karatu, yaro ya bi ƙwallo. An sha duka, an sha fasa ƙwallo da wuƙa, har yaron ya koma ɓoye takalmansa a gidan maƙwabta. Ga kuma kunyar ɗan fari: ban taɓa jin wanda ya ce ya ji sunan Nasiru a bakin Malam ba.

Na ce, "Malam, lafiya dai ko?"

Ya ce, "Lahiya lau, ziyara ta. An ce min kai kas san ƙasashen ga. Zaɓa min lokacin da yaf fi."

Wayyo, kaina ya kumbura! Dattijon da mutane ke durƙusa wa ya zo neman ilimi wurina. Na ce ya ba ni mako guda, na duƙufa. Malta tsibiri ce a tsakiyar Bahar Rum, ƙasa mai tsofaffin garuruwa masu ganuwa, wadda aka ce gaba ɗayanta ba ta kai ƙaramar hukumar Argungu faɗi ba. Na gano daga Disamba zuwa wajen Afrilu akwai iska da ruwa. Yuli da Agusta kuwa zafi da cunkoson baƙi. Sai na waiwayo gida: watan Afrilu Malam na yankan shinkafar rani, farkon Yuni kuma ga Babbar Sallah. Na tsayar da ƙarshen Yuni, na jinjina wa kaina.

Da ya dawo na yi masa lacca. Na yi bayanin iska, na yi bayanin rana, har da cewa a lokacin ruwan teku ya yi ɗumin da mutum zai iya iyo. Ku ji fa, malami mai furfura nake wa tallan iyo! Duk abin da na faɗa, sai ya ce, "To." Na ɗauka gamsuwa ce.

Bari in yi muku bayanin yadda takardun suke, don ku gane girman ramin da na haƙa. Mai neman bizar irin waɗannan ƙasashe yana kai takardar gayyata daga wanda zai sauke shi, da inshorar lafiya, da shaidar an kama masa kujera a jirgi. Dole kwanakin da ke jikinsu su zo ɗaya, kuma bisa su ake buga bizar. In takardunka sun ce Yuni, ba ka isa ka shiga a Afrilu ba. Samun ranar kai takardun a Abuja kuwa, wannan wani yaƙi ne daban. In ta kuɓuce maka, sai ka yi ta jira.

Na kira Nasiru a waya don ya aiko da gayyata. Na faɗa masa watan.

Ya ce, "Yuni? Shi Malam ne ya zaɓa?"

Na ce, "Ni na zaɓa, shi kuma ya amince." Na sake kwararo masa laccar tun daga farko.

Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Muryarsa ta yi ƙasa, ni kuwa na ɗora wa layin waya laifi.

Cikin Fabrairu komai ya haɗu, saura 'yan kwanaki Malam ya tafi Abuja kai takardu. Ya zo ya sa hannu, muka yi sallama. Har ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo, ya matso kusa da teburina, ya rage murya kamar mai neman bashi.

"Murtala, wai hilin nasu, ana barin mutum shi shiga da babbar riga? Ko sai ya sa irin kayansu?"

Na ce, "Wane fili, Malam?"

Ya kalli ƙasa. "Inda suka wasan." Can ya ƙara da cewa, "Uwarshi ta ce bana shika aje ƙwallo. Gwiwa ta hana."

Wallahi sai da na ji kujerar da nake kai ta yi nisa da ni. Wasa ya zo kallo! Kuma in akwai mutum ɗaya a Birnin Kebbi da ya san babu gasar ƙungiyoyi a ƙarshen Yuni, ni ne. Watan ne mai gidan kallonmu ke sa mana kokawar Turawa don kada mu watse. Watan ne matata ke cewa ta samu mijinta. Na auna iska, na auna teku, na manta abin da na fi sani a duniya. Da ya tafi a watan da na zaɓa, fili zai tarar a kulle, ɗansa kuma ya riga ya rataye takalma har abada.

Ba yadda zan yi, na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya gyara hularsa kawai ya ce, "To, Allah bai nuhwa ba." Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu sun rufe ni kamar a wannan lokacin ba.

Ashe Hajiya Kulu na jinmu daga ofishinta. Ta fito ta gaishe da Malam, sannan ta juyo kaina.

"Sannu Baturen Nasarawa! Ka san ɗumin teku, ba ka san abin da zai kai mutum ba?"

Na ce, "Hajiya, na tambaya fa. Ya ce ziyara ce."

Ta ce, "Uba zai buɗe baki ya ce maka yana marmarin ɗan farinsa? A ina aka yanke cibiyarka, Landan? Maza duba min ranar wasansu na ƙarshe."

A ranar ne sunan ya kama ni, kun ji asalinsa. Na duba: wasan ƙarshe ya faɗo cikin Afrilu. In an canza takardu kafin ranar Abuja, in kuma biza ta fito da wuri, zai iya riska. Na ce, "Amma Malam, lokacin yankan shinkafarka ne."

Ya ce, "Tun ina yaro nika yankan ta. Ta yi haƙuri bana, akwai masu yi." Sannan ya ɗaga min yatsa. "Sai dai kada ka hwaɗa mishi dalili."

Nan aikin ya koma wasan kura. Dole Nasiru ya aiko da sabuwar gayyata mai kwanakin Afrilu, kuma an hana ni faɗin gaskiya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na kira shi, na lashe amaina tas. Na ce Yuni ba shi da kyau ko kaɗan, zafi ne, cunkoso ne, dattijo ba zai jure ba. Afrilu, na ce, shi ne sarkin watanni.

Ya ce, "Yaya Murtala, ba kai ka ce min iskar Afrilu za ta iya ɗauke Malam ba?"

Na ce, "Bincike ya canza."

Ya yi dariya. "Wane mako ne a Afrilun?"

Na faɗa masa. Dariyar ta tsaya cak.  Can ya ce, "Takarda za ta iso ka yau." Bai tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

Muka canza inshora, muka canza kujerar jirgi, Malam ya kai takardu Abuja a ranarsa. Sai jira. Azumi ya shigo ya fita, fasfo shiru. Na rame har mutane na yaba min ibada. Kullum sai na duba, kullum amsa ɗaya: ana kan aiki. Shi kuwa Malam ko sau ɗaya bai kira ya tambaya ba, wannan ya fi komai cin raina. Sai a makon tafiyar fasfo ya dawo da biza a ciki. Na yi ihun da ya sa mai shayin ƙofar ofis ya leƙo ya ga ko gobara ce.

Ni na kai shi filin jirgi. Na ɗauko wata ƙatuwar rigar sanyi da na saya a gwanjo shekaru da suka wuce, don ranar da zan je Turai, na ce ya ɗora a kan babbar rigarsa. Ya juya ta, ya ce, "A zahin ga?" Na ce ya dai riƙe.

Da ya dawo na tafi Argungu yi masa barka da sauka. Na same shi a zaure, buhunan shinkafa jibge a gefe. Na zauna a ƙasa, na ce, "Malam, ya ƙasar? An ga wuraren tarihi?"

Ya ce, "Sun kai ni wani tsohon gari mai ganuwa. Duwatsu na, muna da irinsu a tsohon birnin Surame."

"To wasan fa?"

"Iska kamar ta tsige min gemu. Ruwa yaz zo yaj jiƙa mu, rigarka ta yi rana. An bar ni na shiga da babbar rigata, har wani Bature yab ba ni wuri gaba. Kuma cinye su anka yi." Ya ce ba a ma fara wasan da yaron ba, yana benci da gwiwa a ɗaure, sai dab da tashi aka sa shi. Ƙwallon ma bai taɓa ta ba sai sau biyu ko uku.

 Na ce, "Malam, a gafarce ni. Ka bar shinkafarka, ka sha ruwa da iska, ga shi ba a ci ba."

Ya ɗauki carbinsa, ni kuma na fara shirin tashi. Sai ya ce, "Tun shina ƙarami, in shina ƙwallo, rabin hankalinshi na bakin hili. Shina waige-waige, kada in ɓullo in gane shi. Ni na koya mishi wanga waige." Ya ci gaba da cewa, "Ran nan da anka kira shi, yaz zo bakin layi, bai shiga ba sai da yaw waiga. Shina nema na cikin mutane. Sai na miƙe tsaye da babbar rigata, don Nasiru shi gane ni."

Karo na farko ke nan da na ji sunan a bakinsa, kuma ban sake ji ba. Na sunkuyar da kai na yi kamar ƙaiƙayin shinkafa ne ya faɗa min a ido.

To kun ji. Aikin nan namu, intanet za ta ba ku iska da rana da farashi, duk a banza. Amma mutanenmu ba sa faɗin abin da ke kai su tafiya, musamman in abin ya kai zuci. Za su ce ziyara ce, su ce "To." Kada ku yi saurin buɗe baki kamar ni. Ku ba mutum ruwa, ku raka shi har ƙofa, don a bakin ƙofa ake faɗin gaskiyar. Rigar sanyin nan da kuke gani rataye a bayan teburina, ita ce. Ta je Malta ta dawo, ni kuwa har yau Gaya ce iyakata.