Keken Inna a Faifan Waƙa

Yayata tela ce, kuma ba ta taɓa kiran kanta mawaƙiya ba. Shagonta ɗan tsugul ne, tsakanin mai aski da mai gyaran waya, cike da ƙyallaye da warin man keke. Keken ɗinkin na ƙafa ne, na Innarmu, da shi ta ciyar da mu har idonta ya kasa zura zare a allura. Da zarar Yaya ta ɗora ƙafa a kansa sai waƙa ta kuɓuce mata, ita ba ta ma san tana yi ba.

Inna kuwa ba ta yabo. Ko tauraro ka ciro mata, cewa za ta yi ya yi ƙura. Shekara da shekaru Yaya na kai mata ɗinki ta duba, abin da take samu bai wuce "ba laifi" ba, wata rana ma ko shi babu. Abin yana cin Yaya a rai, na sani, ko da yake ba ta faɗa.

Ni aikina haɗa sauti a ɗakin ɗaukar waƙa. Lokacin da muke shirya waƙoƙin wani fim, daraktan, wanda muke kira Sarkin Sauri a bayan idonsa, ya yi ta sallamar mawaƙa. Wai muryoyinsu sun cika santsi, shi yana son muryar wadda ta san wahala. Baki shi ke yanka wuya: na ce ai ina da irinta a gida.

Da ƙyar na lallaso Yaya. Muka shigar da ita ɗakin mai bangon soso, muka kashe fanka don kada ƙararta ta shiga, muka tsayar da ita gaban makirfo. Ta buɗe baki, murya ta fito kamar ta mai roƙon gafara. Aka sake, aka kuma sakewa. Sarkin Sauri ya fara duban agogo, ni kuma na fara tunanin inda zan nemi wani aikin.

"Auta," in ji Yaya, "ni fa ban san yadda ake waƙa a tsaye ba. Ƙafata ba ta da abin yi."

Haka muka ɗauko keken a motar kaya, ni da mai aski muka hau da shi bene muna nishi. Ta zauna, ta jawo kayan makarantar da ake jira a wajenta, ta taka. Ko layin ɗinki ɗaya ba ta kai ƙarshensa ba waƙar ta zo, mai kauri, mai ɗan kaushi, irin wadda muka tashi muna ji. Sarkin Sauri ya manta da agogonsa.

Da aka gama sai ya umarce ni in goge ƙarar keken, a bar muryar tsaf. Yaya tana naɗe yadi, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ranka ya daɗe, in za a cire keken, a haɗa da ni."

Ya yi tsaki, ya ce a bari tukuna. Mai kaɗa mana fiyano ya ɗora kiɗansa a kan takun ƙafarta, daga nan ba wanda ya sake tayar da maganar.

Faifan ya riga fim ɗin fita, ya kuma fi shi tafiya. Motocin haya suka ɗauka, shagunan aski suka ɗauka, mai gyaran waya ya rantse ya gaji da tura wa mutane waƙoƙin. Kamfani ya sake bugawa, ya ƙare, ya sake. Hoton jarumar fim ɗin ne a bangon faifan, don haka masu kawo ɗinki kan ce wa Yaya wallahi tana kwaikwayon waƙar nan kamar ita ta yi. Sai ta yi murmushi, allura a baki. Ni kam ina tafiya a titi kaina na raɓar gajimare.

Amma Yaya ba titi take jira ba. Sai da ta yi ta ɗagawa kafin ta yarda mu kai wa Inna faifan, ba tare da mun gaya mata komai ba. Na kunna, na matsar da rediyon kusa da kunnenta. Yaya ta zauna bakin gado tana murza gefen zaninta.

Inna ta saurara, ƙafarta na motsi a kan tabarma.

"Wannan ai kekena ne," ta ce. "Kuma yana son mai."

Na tuntsire da dariya, Yaya ta sunkuyar da kai. Inna ta ɗaga mini hannu in yi shiru, ta ji waƙar har ƙarshe. Sannan ta laluba ta dafa gwiwar Yaya.

"Ƙafar nan ta fi tawa. Auta, maido mini ita daga farko."