Aska Ɗaya, Mu Goma Sha Biyu

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta, ya kuma saukar da magani.

Wata goma sha huɗu ke nan ban rubuta ko harafi ɗaya a wannan shafi ba. Wasunku sun ji an ce sammu aka yi mini, wasu sun ji an ce ciwon suga ne. Yau zan faɗa da bakina: ina ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Ni ne dai malamin da kuka sani, mai limanci da karantar da fiƙihu a Tudun Wada.

Abin ya fara da zazzaɓin da ba ya jin magani. Sai tari, sai gudawa, sai wani fari-fari a harshe da ya hana ni haɗiyar ko kunu. Rawanina ma ya fara yi mini nauyi. Na sha rubutu, na sha zuma, kuma duk sha bakwai ga wata na ci gaba da kiran wanzami ya yi mini ƙaho, kamar yadda na saba.

Ga yadda al'adarmu take. Wanzami zai fara da ni. Idan ya gama tsaga bayana, sai manyan ɗalibaina goma sha ɗaya su biyo, da wannan askar, ba a sauya ta. Sukan ce albarka suke nema. Ni kuwa ina jin daɗin hakan, Allah ya gafarta mini.

A lokacin akwai wani wasan kwaikwayo na matasa da ake nunawa a talabijin duk Lahadi a kan wannan cuta. Ban taɓa kallon sa ba, amma sau uku ina wa'azi a kansa. An gaya mini sun nuna wanzami, sai na ce izgili ne ga sunna, na haramta shi a gidana.

Ashe 'yata Nafisa tana zuwa gidan maƙwabciyarmu Maman Ngozi tana kallo.

Wata safiya ta kawo mini kunu, ta durƙusa, ta ƙi tashi.

"Baba, ka yafe mini, na saɓa maka. Duk abin da ke damun ka na gan shi a wasan nan. Har askar."

"Ke! Ni kike jingina wa wannan cuta?"

"Ba zina kaɗai ke kawo ta ba, Baba. In ƙarya na yi, gwaji zai nuna, sai ka hukunta ni."

Kwana tara ban yi mata magana ba. A na goma na faɗi a wurin alwala.

A asibiti aka ɗebi jinina, aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi kaki. Sakamako biyu suka fito: tarin fuka, da wadda nake tsoro. Na ji tsoro, ban ɓoye ba. An gwada matata Hajiya, ba ta da ita.

Likitar, 'yar Kudancin Kaduna ce, sa'ar Nafisa, ta ce: "Malam, maganin kyauta ne, kuma in ka riƙe shi za ka tashi. Amma gaya mini, da wa kuke haɗa reza ko aska?"

Fuskoki goma sha ɗaya suka tsaya a gabana. Akwai masu mata, akwai mai shirin aure.

Ta ina na samu? An taɓa ƙara mini jini bayan wani haɗarin mota, kuma askar wanzami ta taɓa bayan mutanen da ban sani ba. Likita ta ce ba ta iya tantancewa. Allah ya sani, kuma ba zan rantse wa kowa ba.

Da na fara tsayuwa da ƙafata, wani Alhaji na kwamitin masallaci ya zo dubiya.

"Allah gafarta Malam, rufin asiri ai ibada ne. Ka ce suga ne, magana ta mutu."

Na ce: "Alhaji, in na rufe wannan asiri, da jinin 'ya'yan mutane zan rufe shi."

Na tara ɗaliban na gaya musu. Bakwai suka tafi gwaji a makon. Huɗu suka ƙi, suka ce gara mutuwa ta same su ba su sani ba. Na kawo musu hujja daga littattafai, ba su motsa ba.

Da Lahadi ta zagayo, sai na aika aka aro talabijin ɗin Maman Ngozi. Da ta ji abin da za a yi da shi, ta ce: "Malam da kansa? To, har janareta ku ɗauka!"

A zauren da na tsine wa wasan nan, a nan muka kalle shi. Suka ga saurayi irinsu yana shan ƙwayarsa, yana zuwa aiki, yana dariya. Abin da na kasa da karatun shekara arba'in, wasa ya yi shi kafin magariba. Washegari huɗun suka tafi.

Goma ba su da ita. Ɗaya yana da ita, kuma yana cikin huɗun nan. Ba zan ambaci sunansa ba har na koma ga Allah. An same ta da wuri, bai kwanta ko kwana ɗaya ba.

An sauke ni daga limanci. Wasu sun daina ba ni hannu. Su riƙe hannunsu. Da a ce yau za a maimaita, abin da na yi shi zan sake yi.

Yanzu na gama maganin tari, jikina ya dawo. Ƙwayar ba ta fita ba, amma ta kwanta har gwaji ba ya ganin ta.

Nasihata: ku je gwaji, ba ya karya alwala. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bar shi saboda rubutu ko tofi, ya haɗa su. Malamai 'yan'uwana, ku kalli abu kafin ku yi masa hukunci. Iyaye, ku zauna ku kalla tare da 'ya'yanku, abin da ya saɓa wa tarbiyya ku gyara a nan take.

Na gode wa Allah, na gode wa Hajiya da likitata da Maman Ngozi. Nafisa, na nemi gafararki a ɗaki, yau ina nema a gaban jama'a.

Sha bakwai ga watan nan akwai ƙaho a zaurena, domin ban bar sunna ba. Kowa ya zo da sabuwar rezarsa. Ni ne zan zama na ƙarshe.